A Ba Ni Ɗan Tsakiya!

Cleophus Tolliver bai nufi liyafar rufe kakar wasa don ya ci soyayyar kaza ba. Tun a coci ransa ke tafasa. Fasto na wa'azi a kan yafiya, shi kuwa yana zaune yana cizon leɓe, har sai da matarsa Earline ta zungure shi da gwiwar hannu. Ana cewa amin bai tsaya gaisawa da kowa ba, ya tisa ta gaba zuwa akori-kurarsa, suka ɗauki hanyar Jami'ar Cahaba Bluff, kwat ɗin zuwa coci tana matse masa kafaɗu.

"Cleo," in ji Earline, "don girman Allah kada ka ba mu kunya a gaban mutane."

"Kunya? An riga an ba mu ita, da rana tsaka, fili cike da jama'a. Ni magana kawai zan yi."

"Na san maganar taka. Shekara talatin nake jin ta, ban taɓa ganin ta ƙare a zaune ba."

Ya ja tsaki, ya ƙara taka mota.

Wai liyafa! Liyafar me? Ƙungiyar ƙwallon zari-ruga irin ta masu hular kwano, wadda ta buga wasa goma sha biyu ta ci biyu, ɗaya daga cikin biyun ma da wata 'yar makarantar horon fastoci ce, wadda aka gayyato takanas don a samu wanda za a doke. Duk faɗin Alabama babu wanda bai yi wa Ɓaunan Cahaba dariya ba a kakar nan. Mai jefa musu ƙwallo ya fi gane rigar abokan gaba a kan ta 'yan'uwansa. Masu tsaron baya in sun ga mutum ya taho a guje sai su dare masa hanya, saura kaɗan su ce masa a sauka lafiya. Tun tsakiyar Oktoba mutane suka koma zuwa fili don kawai su ga 'yan badujala sun cashe a hutun rabin lokaci, ana gama busa su kwashe kujerunsu da akwatunan ƙanƙara su kama gabansu. Duk wannan Cleophus ya shanye shi. Ya zagi rediyo, ya zagi alƙalan wasa, ya taɓa jifan talabijin da takalmi, amma ya shanye, domin shi ba wannan kakar yake jira ba. Ta baɗi yake jira.

Ɗansa Dontrell ɗan tsakiya ne, shi ke duƙawa a tsakiyar layin ƙartin gaba ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sannan ya tare duk ƙaton da ya taso masa. Shekara uku yana riƙe da gurbin nan, har masu farautar 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi sun fara leƙowa wurin atisaye suna tambayar nauyinsa. Sai kafaɗarsa ta dama ta goce, aka yi masa aiki da bazara. Ya dawo a shekararsa ta huɗu, wadda ita ce ta ƙarshe, ya buga wasa huɗu da kafaɗar da ba ta gama warkewa ba, kullum ya fito fili sai ya kwana da ƙanƙara a ɗaure. Doka kuwa ko yaran garinsu Eutaw sun san ta. In ɗan wasa bai wuce wasa huɗu a kaka ba, ba a lissafa masa shekarar, tana nan ajiye. In ya taka fili a wasa na biyar, ko da na ƙiftawar ido ne, shekara ta ƙone.

Cleophus da kansa ya ajiye motar gungumen da yake tuƙawa, ya je ofishin babban koci, Hollis Strickland. Mutumin ya taso daga bayan teburinsa da fara'a, ya ce, "Mista Tolliver, yaronka ɗana ne. Ya huta ya warke, baɗi ya dawo ya ja mana layi. Ka riƙe maganata." Suka yi musafaha, har ya raka shi bakin ƙofa.

Sai ga wasan ƙarshe, da 'yan Sipsey, abokan gabar gado. Al'adar Cahaba ce tun zamanin kakanni, ranar Sipsey kowa sai ya sa kaya, da mai lafiya da mai ɗingishi, har wanda ke dogara sanda, a fito a guje ta cikin hayaƙi a bayan 'yan badujala. Shi ya sa Dontrell, wanda ya yi wata biyu yana kallon wasa cikin rigar sanyi, ranar yake tsaye a bakin layi da cikakken shiri, hular kwano a hannu.

Saura 'yan daƙiƙoƙi a tafi hutun rabin lokaci, Sipsey sun yi musu nisa, ba maganar kamowa. Ƙwallo na hannun Cahaba, can kusa da gidansu, abin da ya rage kawai mai jifa ya karɓa ya durƙusa agogo ya ƙare. Sai hular Gaines, yaron da ke riƙe da gurbin Dontrell, ta fice a cikin turmutsutsu ta gangara. Doka ta ce wanda hularsa ta fita sai ya bar fili na bugu ɗaya, sai dai in kocinsa ya nemi a tsayar da agogo. Strickland na da damar tsayarwa har uku, uku cur, waɗanda da an tafi hutu sun zama banza. Bai ɗaga hannu ba. Yana can yana yi wa wani ihu ta na'urar kunne. Cleophus na zaune can sama a cikin 'yan kallo, ya ga Koci Boone, mai horar da 'yan layi, ya juyo yana daka tsawa, ya ga lamba sittin da biyu, lambar ɗansa, ta kifa hula ta ruga.

Ya miƙe yana ihu, "Dontrell! A'a! Koma!" Ina! Wa zai ji shi, ganguna sun fara ɗumi. Dontrell ya duƙa, ya miƙa ƙwallo, mai jifa ya kai gwiwa ƙasa, alƙali ya busa usur. Ko taɓa kowa yaron bai yi ba, rigarsa ko ciyawa ba ta gani ba. Shekara guda da duk abin da ke cikinta ta tafi a durƙuso ɗaya, a wasan da aka riga aka sha kashi.

Hanya ɗaya ta rage. Hukumar wasannin jami'o'i takan mayar wa yaro shekararsa in makarantarsa ta tsaya ta ce kuskuren koci ne, shi ya kira yaron ya tura shi. Ranar Talata za a zauna. Amma tun daga ranar wasan Strickland ke wasan ɓuya, duk sanda aka kira ofishinsa sai sakatariya ta ce yana taro. A rediyo kuwa aka ji shi tiryan-tiryan yana cewa, "Yaro ne mai zuciya, da kansa ya ruga. Irin 'yan wasan da muke so ke nan." Ranar saura ƙiris Cleophus ya kifar da motar gungume a kan gada.

Da kansa! Dontrell ɗin? Cleophus ya san abin da ya rena. Babu shagon aski a Eutaw da bai ji labarin ba, don shi ke ba da shi da alfahari. Dontrell na ɗan shekara goma, a wasan yara na ranar Asabar, kocinsu ya nemi ɗan tsakiya, yaron ya tsaya yana waige-waige yana cewa, "Ni?" har aka ci tarar ƙungiya. Da yamma Cleophus ya kai shi gindin tudun bayan coci. Ya tsaya a ƙasa da usur a wuya, in ya daka tsawa, "Ɗan tsakiya!" sai yaron ya ce, "To, yallaɓai!" ya haye tudu a guje, ya gangaro, a sake. Sai da ya yi amai sannan aka tafi gida, washegari aka koma, haka har damina ta wuce. Tun daga nan ba a taɓa kiran Dontrell sau biyu ba. Yaro mai biyayya irin wannan a ce ya shiga fili da ka? Ƙarya ce, Boone ne ya kira shi.

"Ka ma tambayi yaron kuwa?" in ji Earline, suna shiga harabar jami'a.

"In tambaye shi me? Abin da na gani da idona?"

Ta gyara hularta.

A zauren motsa jiki aka shirya abin. An jera tebura an lulluɓe su da takarda kore da ruwan ɗorawa, kalar ƙungiya. Ga tire-tiren soyayyar kaza da tarwaɗa, ga ganye da burodin masara, ga shayi mai ƙanƙara wanda sukari ya yi wa yawa kamar kullum. Tsofaffin ɗalibai masu hannu da shuni sun kame a teburin gaba da matansu, kowa fuska a sake, sai ka ce kofi aka ciyo. Dontrell ya taso daga teburin 'yan layi, ƙato cikin baƙar kwat, ya sunkuya ya rungumi uwarsa.

"Mama. Baba, sannu da hanya."

"Ka rame," in ji Earline. "Ba ka cin abinci ne?"

"Ina ci, Mama." Ya dubi ubansa, ya rage murya. "Baba, don Allah ka bari yau ta wuce. Akwai maganar da nake so mu yi, mu biyu."

"Bayan na gama da wancan. Je ka zauna."

"To, yallaɓai."

Ya koma ya zauna. Cleophus ya bi shi da kallo. Dubi yaro, jama'a! Dubi abin da suka wulaƙanta!

Aka yi addu'a, aka ci abinci, Cleophus ko cokali bai ɗaga ba. Aka kashe fitilu aka nuna majigin abubuwan bajinta na kaka, wanda bai kai a sha kofin shayi ba ya ƙare, rabinsa ma 'yan badujala ne. Sannan Strickland ya hau mumbari, ya gyara lasifika, ya fara zuba. Wai kaka ce ta gini. Wai maki ba ya nuna zuciya. Wai an koyi darasi, kuma a Cahaba su dangi ne, gida ɗaya. Duk sanda ya ce dangi sai Cleophus ya ji kamar an watsa masa barkono a ido. Earline ta ɗora hannu a kan gwiwarsa ta danne.

Aka shiga rabon kyaututtuka. Na wanda ya fi gudu, na wanda ya fi ƙoƙari a aji, har da na wanda ya fi zuwa atisaye da wuri, tunda dai ba na cin wasa. Can sai Strickland ya ɗago wani allon katako mai kan ɓauna na tagulla, ya yi shiru don a nutsu.

"Wannan ita ce babbar kyautarmu," ya ce. "Ta ɗan wasan da ya sa ƙungiya gaba da kansa. A bana ba mu yi gardama ba. Ranar Sipsey mun shiga wani hali, muna buƙatar mutum, wani yaro bai tsaya lissafin abin da zai rasa ba. Dontrell Tolliver, taso, ɗana."

Zaure ya ɗauki tafi, 'yan wasa na dukan tebur. Dontrell ya tafi a hankali, kai a ƙasa, ya karɓi allon. Kai, wannan rainin hankali da me ya yi kama! Ka ƙone wa yaro shekara, sannan ka miƙa masa katako ka ce a tafa! Cleophus bai san sanda ya miƙe ba, kujerarsa ta kife a baya.

"Strickland!"

Ba koci, ba mista. Tafi ya mutu a hankali, kawuna suka juyo.

"Cleo, zauna," in ji Earline. "Cleo!"

"Tambaya gare ni, tunda mu dangi ne. Ranar Sipsey, da hular Gaines ta faɗi, damar tsayar da agogo nawa ke hannunka?"

Strickland ya yi murmushin da yake yi wa 'yan jarida. "Mista Tolliver, ina ganin wannan magana ta ofis ce."

"Wane ofishin? Wanda kullum kake taro a ciki? Da wa kake taron, da kujeru? Amsa mini a nan. Nawa?"

"Uku."

"Uku! Kun ji da kunnenku. Ina ka kai su? Gida ka tafi da su aka soya maka? Ko suna firji kana jiran baɗi?"

Wani daga teburin 'yan wasa ya fashe da dariya, ya yi maza ya toshe baki. Wani tsoho daga teburin gaba ya ce, "Haba bawan Allah, akwai mata da yara a nan."

"Kai kuma ci kazarka, ba da kai nake ba. Ɗanka aka ƙone wa shekara?" Cleophus ya ratso tsakanin tebura har gaban mumbari, yana nuna Strickland da yatsa. "Ka kama hannuna a ofishinka. Ka ce yarona ɗanka ne, ka ce in riƙe maganarka. Ga ni na riƙe ta, ta ruɓe a hannuna. Hannu ɗaya za ka ɗaga, mutumin banza, hannu ɗaya, Gaines ya mayar da hularsa a durƙusa a tashi. Aikin da ake biyanka dominsa ke nan. Ka kasa cin wasa, mun yi shiru. Ka kasa ƙirga huɗu ma?"

Fuskar Strickland ta yi ja har wuya. Ya kashe lasifika, amma zauren ya yi tsit, kowa na jin sa.

"Maganar agogo laifina ce," ya ce. "Na ɗauka, zan kwana da ita har in mutu. Amma hukuma ba wannan za ta tambaya ba ranar Talata. Tambayarsu ɗaya ce, shin mu muka kira shi muka tura shi? Ba zan ɗaga hannu in rantse a kan abin da bai faru ba."

"Au, yau kuma kai ne mai tsoron Allah? Kujerarka kake tsoro, ba rantsuwa ba! Ina Boone? Boone, tashi! Da idona na gan ka ka juya kana ihu. Wa ka kira?"

Koci Boone, wani gajere mai ƙaton wuya, ya miƙe rabi yana murza adiko a hannu. "Mista Tolliver, na rantse ban ambaci sunan Dontrell ba."

"Maƙaryaci! Dukanku maƙaryata ne, kun haɗa baki a kan yaro!" Ya juya ga ɗansa, wanda ke tsaye a gefen mumbari rungume da allon. "Dontrell, faɗa musu. Kada ka ji tsoron kowa, ubanka na nan. Faɗa wa mutanen nan wanda ya kira ka."

Dontrell bai ɗago ba.

"Da kai nake."

"Baba, mu fita waje."

"A nan za ka faɗa. Ɗaga kai ka yi magana kamar namiji!"

Yaron ya ɗaga kai. Idanunsa sun kaɗa, amma muryarsa ba ta yi rawa ba.

"Ba a kira sunana ba, Baba."

Ya dubi inda Boone yake tsaye, ya ci gaba.

"Koci Boone cewa ya yi, 'A ba ni ɗan tsakiya!' Wani ƙaramin ɗan tsakiya, ɗan shekarar farko, yake nufi, shi kuma yana can bayan benci yana neman hularsa. Ni ne a kusa."

"Ka manta ne? Ka manta wasa huɗu ka buga?"

"Ban manta ba. Ina gudu ina sane. Kaina na ce mini tsaya, kafin in tsaya na gan ni a kan ƙwallo."

Wasu iyaye sun ɗaga wayoyinsu tun ɗazu suna ɗauka, yanzu suka fara sauke su a hankali. Strickland kuwa ya sauke ajiyar zuciya, a fili, kowa ya gani, mara kunya. Laifinsa na nan daram, damar nan uku ba inda suka je, amma maganar Talata ta mutu a wurin, kuma Cleophus ne da bakinsa ya jawo aka kashe ta a gaban shaidu. Ya duba dama ya duba hagu yana neman wanda zai zaga, ya rasa. Ya shuri wata kujera ta yi gefe, ya fice.

A wurin ajiye motoci suka same shi, yana zagaya akori-kura yana dukan bayanta da tafin hannu. Rana ta yi sanyi, iska na kaɗa takardun da aka liƙa a jikin fitilu. Earline ta tsaya nesa kaɗan da jakarta a ƙirji. Dontrell ya ƙaraso, har yanzu allon na hannunsa.

"Ka kashe kanka!" in ji Cleophus. "Ka san abin da ka yi? Cewa kawai za ka yi ka ji sunanka! A hayaniyar nan wa zai ƙaryata ka? Wa?"

"Kai ka ce in faɗa."

"Na ce ka faɗi abin da zai cece ka, ba ka wanke waɗancan ɓarayin ba!"

"Na nemi mu yi magana kafin a fara, ka ce in je in zauna. Na zauna."

"Kada ka mayar mini da magana! Shekara goma sha biyu ina kai ka atisaye. Na tuƙa mota dare da rana, na sayi takalma, na zauna a asibiti ana yanka kafaɗar nan. Saura taki ɗaya, ɗaya tak, ka zubar a kan durƙuso! Ba a kira sunanka ba, to uban me ya kai ka? Wane irin wawa ne zai ji an yi ihu kawai ya ruga, bai tsaya ya yi tunani ba, bai waiwaya ba, bai ce ni ake nufi ba?"

"Cleo," in ji Earline a hankali.

"Bar ni! Ya ba ni amsa!"

Dontrell ya dube shi ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Na taɓa cewa 'Ni?' sau ɗaya, Baba. Ka tuna inda ka kai ni."

Dontrell bai tsaya nan ba.

"Duk shagon askin da muka shiga sai ka ba da labarin tudun nan, ana dariya, ni ma ina dariya. Ka ce ka cire mini tunani daga ƙafa. To ka cire. Ya yi aiki." Ya ɗora allon katakon a kan murfin injin motar, kan ɓaunan na kallon sama. "Ga shi, kai ka ci shi. Ka rataye a falo."

Ya sumbaci uwarsa a kumatu, ya juya ya nufi ɗakunan kwanan ɗalibai.

Wani irin fushi ya turnuƙe Cleophus, wanda ya fi na cikin zaure, don wannan ba shi da inda zai sauke shi. "Dontrell! Dawo nan! Ban sallame ka ba!"

Yaron bai juyo ba.

"Dontrell Tolliver! Shiga motar nan, gida za mu!"

Yana ta tafiya, hannuwa a aljihu, ya wuce layin motoci na farko, ya wuce na biyu. Mutane sun fara fitowa daga zaure suna tsayawa a bakin ƙofa. Cleophus ya ji idanunsu a bayansa. Ya cika ƙirji da iska, kuma kafin ya san abin da zai fito, tsohuwar tsawar nan ta gindin tudu ta fito da kanta.

"Ɗan tsakiya!"

Dontrell ya tsaya cak. Kafaɗunsa suka zabura, hannuwansa suka fice daga aljihu, ƙafarsa ta dama ta riga ta juyo, gwiwa a lanƙwashe, a shirye. Ƙato mai shekara ashirin da biyu, cikin kwat, a tsakiyar motocin mutane. Cleophus ya ga abin da idonsa, yadda ya gan shi daga saman 'yan kallo ranar Sipsey, sai dai yau babu Boone, babu Strickland, babu wanda zai nuna da yatsa.

Yaron ya daɗe a haka, bayansa na hawa yana sauka. Sannan ya janye ƙafar da ƙyar, kamar mai ciro ta daga laka, ya mayar da ita gaba. Ya taka ɗaya, ya taka biyu, ya ci gaba da tafiya har ya sha kwanar ginin.

Earline ta zo ta ɗauke allon daga kan murfin injin, ta buɗe ƙofa ta ajiye shi a tsakiyar kujera, ta shiga ta zauna. Cleophus na tsaye inda yake, makulli a hannu.

"Ka kira shi ya tsaya," ta ce ta taga. "Ka ji daɗi? Shigo ka kai ni gida."